Ƙurar Wata da Takardar Haihuwar Baba

Mahjar, Jidda

Yaya Hamidou,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Zeinabou da yara da mutanen Damagaram. Mama tana gaishe ku, ƙafar tata da sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Fasfona na Nijar ya ƙare, kuma ofishin jakadanci ba za su sabunta ba sai da takardar haihuwar Baba da ke hannunka. Sau nawa na roƙe ka? Jiya Zeinabou ta faɗa wa Mama gaskiya: ɓoye ta ka yi, wai mace ba za ta tafi Turai babu muharrami ba, kuma zuwa duniyar wata ƙaryar Nasara ce.

Ƙarya? Shekara uku ina cikin ɗakin gwaji na kamfaninmu a unguwar Khumra, rufe da farar riga har ido, muna haɗa na'urar da za ta auna ƙurar duniyar wata. Mun girgiza ta har noti ya kwance, mun daskarar da ita, murfinta ya maƙale, muka sake daga farko. Yanzu tana jikin kumbo. Shugabanmu, Mudir Abdulmohsen, ya zaɓe ni in zauna a ɗakin sarrafa kumbon da ke Turai ranar saukarsa a duniyar wata. Kafili, mai tsaya mini a ƙasar nan, ya sa hannu, iƙamata ta izinin zama lafiya lau. Kai kaɗai ka rage. Aiko takardar, don Allah.

Ƙanwarka,
Safia

Yaya Hamidou,

Sallama da fatan alheri gare ku duka.

Kumbon ya sauka, takardar kuwa ba ta zo ba. Ruba, abokiyar aikina, ita ta zauna a kujerata. Ni kuwa a tabarmar Mama na kalla ta waya, hoto yana yankewa. Da murfin ya buɗe, Ruba ta kira ni tana ihu, ina jin tafi a bayanta. Na yi mata mabruk, wato barka, na kashe wayar, na shiga banɗaki na yi kuka don kada Mama ta gani.

Sai ga muryarka an turo mini daga rediyon garinku, kana cewa ƙanwarka ta kai na'ura duniyar wata, kai ka tsaya mata tun rasuwar Baba. Ka hana ni kujerar, kuma ka je ka karɓi tafin?

Halas, shi ke nan, Yaya. Zumunci yana nan, ba zan yanke ba. Amma na rubuta wa gidan rediyon abin da ya faru, sun ce za su karanta ranar Juma'a. Ka saurara.

Ka gaida Zeinabou, ka ce na gode.

Wassalam,
Safia