Tikiti Biyu ga Mota Ɗaya: Jan Bironka Ne, Ba Malam Isufu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Ordinata, wato kwamfuta, na kamfaninmu, Yamai.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin buron da kake aiki a ciki. Ni ne Habu, mai rubuta porogaram a sito na wake da ke Badagishiri. Wasiƙa biyu na aiko maka, shiru kamar an shuka dusa, shi ya sa na liƙa ta uku a allon sanarwa don kowa ya karanta.

Na ɗaya. Da kaka na gyara porogaram ɗin sikelin da ke auna motoci. A nan igiyar na'urar buga takarda takan kwance, ɓeraye ma suna da rabonsu a cikinta. Sai na rubuta makro mai suna DUBA. Makro gajeriyar kalma ce da ordinata ke warwarewa zuwa cikakken umarni kafin ya haɗa porogaram. Aikin DUBA ɗaya ne: a ba shi umarni, ya gudanar, in ya gaza ya yi ƙara. Na buga gyaran a takarda, na haɗa da disket, na ba direban kamfani ya kawo maka ka duba, yadda doka ta ce.

Na biyu. Ka duba, kuma na gode, har waƙafi biyu da na manta ka kama. Amma ka ƙara layi ɗaya da jan biro, wai DUBA ya riƙa rubuta sakamakon umarnin a rajista. Ranka ya daɗe, kai ka koya mini cewa makro ba ya tunani, duk inda aka ambaci umarni a cikinsa sai ya sake aikata shi. Umarnin kuwa shi ne buga tikitin fita. Da layinka an ambace shi sau biyu ke nan. Ka shigar da layin a porogaram, ka sa hannu, ka aiko disket ba tare da ka gwada ba, don babu sikeli a buronka.

Ni ma ina da laifi. Na ga sa hannunka, na ɗora a ordinata ban karanta ba.

Na uku, kuma shi ne ciwon. Tun ranar kowace mota tikiti biyu take samu. Da farko dariya muka sha, direbobi na cewa albarka ta sauka har takarda na haihuwar tagwaye. Sai sufeton kamfani ya zo, ya ga tikiti sun ninka motoci, ya rubuta cewa Malam Isufu mai awo yana fitar da wake ta bayan gida. An ba shi zuwa ƙarshen wata ya kare kansa ko ya ajiye makulli. Dattijon nan ko ƙwayar wake ta faɗi sai ya tsince ta ya mayar buhu, kuma maɓalli ɗaya ya sani a ordinata. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ga roƙona. Ka ba ni izinin gyara layin: a adana sakamakon umarnin sau ɗaya, a duba shi, a rubuta shi. Aikin shan shayi ɗaya ne, dokarka ce kawai ta ɗaure mini hannu. Sannan duk makro da za a taɓa nan gaba, a gwada shi a kan sikeli kafin a sa hannu. Mafi girma, ka rubuta wa sufeto gaskiyar abin da ya faru kafin wata ya ƙare.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana, ya sa wa jan biron nan albarka. In ka zo, akwai dafaffen wake da mai da yaji. Malam Isufu ya ce shi zai auna maka, kuma sau ɗaya zai auna.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habu, Badagishiri