Abincin Rana a Ƙarƙashin Dabino

Norby Falls, Minnesota
Nuwamba

Zuwa ga Yaya Ardis,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da gwiwar taki. Na san kin ce in daina kiranki a waya tunda kunnen ya ƙi, to ga takarda, sai ki nemo tabarau.

Labarin ba daɗi. Hukumar makarantun gundumarmu za ta rufe ajin badujala a ƙarshen shekarar karatu, wai babu kuɗi. Kin ga ke nan aikin Arlen ya tafi. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan busa, har da masu zama a kujerun hukumar. Wai wani kamfanin masu ba da shawara suka ɗauko daga nesa, shi ya duba ya ce a rufe. A watan Janairu za su kaɗa ƙuri'a.

Kin san mijina. Da ya dawo gida cewa ya yi, "To, Marlys, wataƙila sun fi mu sani." Ya goge ƙahonsa ya sa a akwati, ya tura ƙarƙashin gado. Tun da muka yi aure nake masa faɗa kan busar asuba, yanzu gidan ya yi tsit, kuma wallahi shirun ya fi busar damuna.

Ni dai raina ya ɓaci. Na je ofishinsu na ce ina son ganin duk wata takarda da ta shafi mutanen kamfanin nan, tunda doka ta ba kowa dama. Yarinyar da ke wurin ta yi mini murmushi, ta ba ni shafi biyu masu hotunan yara suna dariya.

Ki gaida maƙwabtanki masu yawo da gajeren wando a watan Nuwamba, mu nan sanyi na neman kashe mu.

Ƙanwarki,
Marlys

*

Arizona
Nuwamba

Auta,

Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, rana na gasa ta kullum. Ina gaida Arlen, ki ce masa in ya ƙara cewa sun fi shi sani zan zo da kaina.

Yanzu ke da girmanki kika je kika roƙa da baki? Shekarun da na yi a ofishin gunduma, mai roƙo da baki kofi muke ba shi mu raka shi ƙofa. A rubuce ake nema, da kwanan wata, ki riƙe kwafi. Kuma kada ki ce "duk wata takarda". Ki ambaci abu uku da sunansu: yarjejeniyar da suka sa wa hannu, takardun biyan kuɗi, da cikakken rahoton tun daga bango har bango. Abin da aka ba ki taƙaitawa ce, ita ake bai wa 'yan hukuma don kada karatu ya wahalar da su.

Har yanzu Wendell Sorum ne shugabansu? Wanda ya taka mini ƙafa a rawar biki? Ba mugu ba ne, amma tun yana ɗalibi bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshe ba.

Kada ki kai musu biskit. Na san halinki.

Yayarki,
Ardis

*

Norby Falls
Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa, da barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Na kai musu biskit, amma na haɗa da takardar kamar yadda kika ce. Sun ja ni sun ja ni, daga baya dai suka ba ni kwali guda.

Na kwashe shi sai ɗakin ƙasa na coci, na raba wa matan ƙungiyar ɗinki, kowa da rabonta. Abin da aka biya kamfanin ya fi albashin Arlen na shekara, wannan kam ya sa kofi ya kusa sarƙe ni. Amma abin da zan gaya miki ya fi shi.

Muna cikin karatu sai Inna Solveig, mahaifiyar Wendell ɗin naki, ta ɗago kai ta ce, "'Yan mata, a ina muke da dabino a garin nan?"

Muka ce wane irin dabino kuma? Ta karanta mana. Rahoton ya ce don a rage kuɗin wutar ɗakin cin abinci, yara su riƙa cin abincin rana a waje daga Nuwamba zuwa Maris, a inuwar itatuwan dabino na harabar makaranta, tunda lokacin ne iska ta fi daɗi.

Yaya, mun yi dariya har ɗaya daga cikinmu ta nemi maganin asmarta. A ranar ma ƙofar motata ƙanƙara ta liƙe ta, sai ta bayan mota na shiga.

A can ƙasan wani shafi na ga sunan wata gunduma, da ƙananan haruffa, kuma ina jin ta wajenku ce. Na rubuta miki shi a bayan wannan takardar. Ko za ki gwada irin naki neman?

Da na ba Arlen labarin dabinon, na ga bakinsa ya motsa.

Taki,
Marlys

*

Arizona
Janairu

Auta,

Gaisuwa da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Gundumar tana nan kusa da mu. Na rubuta musu, sun ba ni, ga shi cikin ambulan. Ki jera shi da naku. Bango kawai aka canja. A nan ma cewa suka yi a rufe badujala, kalma da kalma. Dabinon ma na je na gan su, suna nan lafiya.

Yanzu ki saurare ni. Na san mutanenmu. Za ki miƙe a taron, a ba ki minti ukun nan naki, ki cinye biyu wajen yi musu godiya, ki ƙarasa da ba su haƙuri. Wendell ya ce, "Mun gode, za mu duba," shi ke nan an rufe aji. Sau ɗaya dai a rayuwarki ki ɗaga murya.

In ba za ki iya ba, ki nemo abin da kika iya.

Ardis

*

Norby Falls
Janairu

Yaya Ardis,

Ina gaisuwa. Ban iya ɗaga murya ba, kin fi kowa sani. Girki na yi.

Ranar taron muka jera tebura a harabar makaranta, cikin dusar ƙanƙara har gwiwa. Kowace mace ta zo da kaskonta na dankali da nama. Muka kafa tsintsiyar share daɓe guda biyu, muka ɗaura musu koren ƙyalle, su ne dabino.

Da aka kira sunana na gode musu, e, na gode musu. Sannan na karanta shafin nan a hankali, na ajiye rahotannin biyu, namu da na Arizona, gefe da gefe a gaban Wendell. Na ce, "Tunda za a bi shawarar masana, mun ga ya kamata shugabanni su fara ɗanɗanawa. Abinci na waje, bismillah."

Wendell ya ce, "Kai, Marlys, da ba ku wahalar da kanku ba."

Na ce, "Ɗan kaɗan ne."

Ya ce, "A'a, mun ci kafin mu zo."

Sai Inna Solveig ta leƙo daga ƙofa da ludayi a hannu, ta ce, "Wendell, yana hucewa."

Kin san a garin nan tayi na uku ba a ƙin sa, balle daga bakin uwa. Haka suka fito su duka da takalman ofis. Suka zauna suna ci, tururi na fita daga hancinsu, kowa na cewa ya yi daɗi. Kofin Wendell ya daskare kafin ya sha rabi. Wata daga cikinsu ta ce a hankali, "Ni dai shafi biyu aka ba ni." 

Wendell ya dubi Arlen, kunnuwansa jawur, ya ce, "Malam Arlen, ban karanta ba." Arlen ya ce, "Ai ko takardar kiɗa ba ka karantawa a aji, shi ya sa na ba ka ganga." Aka yi dariya, har da Wendell.

Sun ɗage ƙuri'ar zuwa mako mai zuwa, wai kowa zai karanta rahoton, kuma lauyansu zai rubuta wa kamfanin. Ban san yadda za ta kaya ba, kuɗi dai har yanzu babu.  Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Marlys

*

Norby Falls
Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Jiya da sassafe na karya dokarki na kira ki. Kika yi ta cewa, "Waye? Layin nan ya lalace, ƙara kawai nake ji," kika kashe.

Layi lafiyarsa lau. Arlen ne, da rigar barci, yana busa ƙahonsa a tsakiyar kicin. Maƙwabta sun buga bango, ni kuwa ban ce masa ya rage ba.

Ki gaida mini dabino.

Autarki,
Marlys