Bitrus Ya Feshe Gonar

Talata da dare, Manga

Makonni uku ke nan da na roƙi Baba kada a yi feshi a gonar tumatir. Na rataya katunan da na kawo daga jami'a, masu ɗauke da ƙwan ƙananan zanzaro, waɗanda ke kashe ƙwan tsutsar da ke cinye mana ganye. Shekaranjiya na ga ƙwan tsutsar sun fara yin baƙi, alamar aiki ya kama. Ban gaya wa kowa ba.

Yau ina Zuru, Bitrus mai neman auren ƙanwata ya zo da abokansa aikin golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai. Da ya ga ganye duk a huje, sai ya ari famfon feshi ya bi gonar kaf.

Na dawo, ya durƙusa yana murmushi. "Yaya, na gama muku da ƙwarin nan."

Na ce, "Sannu da aiki."

Baba ya sa masa albarka. Na duba katunan, babu abin da ke motsi, feshin ya kashe zanzaron. Ita kuwa tsutsar tana can cikin ganye, inda magani ba ya kaiwa.

Ba zan kunyata Bitrus a gaban surukinsa ba. Idan tumatir ya mutu, Baba zai ce karatuna ne ya kashe shi, kuma zan yi shiru.