Gaurakin Bayan Motar Alhaji Mudi

Birnin Ƙonni, ranar Juma'a bayan la'asar.

Zuwa ga Yaya Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da za ta same ka ma, sai ka nemi mai karanta maka, don kai baƙaƙen boko zana su ka iya a jikin mota, haɗa su kuwa wahala yake ba ka. Ni aka kai lakwal, makarantar boko, kai aka bar ka tasha. Duk da haka sai na rubuta, saboda ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana in ba kai ba.

Shekara biyu ke nan tun da sanƙarau ya ɗauke ka cikin kwana huɗu. Bana damina ta yi kyau, gonarmu ta Tsarnawa ta ba da wake fiye da bara. Matarka Sa'a ta yi aure a Malbaza. Mutumin kirki ne, ya riƙe 'ya'yanka mata biyu kamar nasa, kada ka damu. Rumfarka ta bakin tasha yanzu mai facin taya ne a ciki. Har yau akwai ɗigon fenti ja da shuɗi a jikin ginshiƙin, bai kankare ba.

Yaya, na fara koyon zane. Ni, Rakiya, da 'ya'ya uku da furfura biyu a gaban goshi. Dariya za ka yi ko?

Ga yadda abin ya faro. A buro, wato ofishin noman rani inda nake sakatariya, an ɗauke mini tafiretata, an ajiye mini ordinatar, wani inji mai allon gilashi kamar na telebijin. Wata rana a hutun rana ina latse-latse sai na faɗa kan wani fili fari, da launuka jere a ƙasansa. Akwai wani ɗan abu mai wutsiyar waya da ake turawa bisa tebur, ɓera ake ce masa. Na tura shi, sai ga layi ya fito a allon. Na so in yi tulu, abin da ya fito ya fi kama da dankali. Na so in cika shi da jan launi, ashe layin bai haɗe ba, jan ya tsiyaye ta kafar ya cika allon gaba ɗaya. Na tsorata, na ɗauka na lalata injin gwamnati.

Malam Sule, dattijon da ke zana mana taswirar gonaki, shi ya nuna mini inda ake latsawa a koma baya, ɓarna ta goge kamar ba a yi ba. Shi kuma ya ce mini in dai da gaske nake, in koma kan takarda tukuna, don inji ba ya koya wa mutum gani. Ya ce in zana abin da idona ya gani, ban da abin da kaina ya sani. Na sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, da fensir. Na zana buta, na zana albasa ta fi sau hamsin, na zana hannuna na hagu har ya gaji da ni. Maigidana Habibu ya yi ta yi mini ba'a, daga baya shi ne mai fiƙe mini fensir da reza. Darakta ya yarda in riƙa taɓa injin a lokacin hutu, in dai aiki ya ƙare.

Kafin in ci gaba, akwai abin da na ɓoye maka shekara ashirin.

Ka tuna akwatin ƙarfen da ka yi wa ado lokacin da zan tafi koleji a Tawa? Kwana uku ka yi a kansa. Furanni a gefe, tattabara a bisa murfi, da sunana da ruwan ɗorawa. Da na dawo hutu babu komai a jikinsa, na ce maka hukumar makaranta ce ta hana. Ƙarya na yi, Yaya. 'Yan ɗakinmu ne suka sa mini suna Kamyo, wato babbar mota, in na wuce su yi ƙarar hon. Ni da hannuna na sa kananzir da fasasshiyar kwalba na kankare shi a bayan ɗakin wanka. Kai kuwa sai ka ce tunda doka ce, a bi doka. Ka ɗauki akwatin ka shafe shi da shuɗin fenti, don kada tsatsa ta ci mini kaya. Ka gane a ranar? Ina jin ka gane. Tun daga nan in aka tambaye ni aikin yayana, sai in ce harkar mota yake yi, in yi shiru.

Wata biyu da suka wuce na bi ta tasha, sai na ga babbar motar Alhaji Mudi ana loda mata albasa. A ƙofarta ta baya ga gauraki biyu tsaye a bakin tafki, ga giginya a bayansu. Aikinka ne. Na duba sauran motocin, duk an sake musu fenti, ita kaɗai ta rage. Washegari na zo da kayena na zauna a bencin mai tuwo, na fara kwaikwaya. Masu lodi suka yi ta satar kallona, sun ɗauka 'yar duwan ce, ma'aikaciyar kwastan, ke rubuta lambar mota. Har Alhajin ya taso da kansa ya gaishe ni, ya tambayi ko lafiya. Na ce masa mai wannan zanen yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban taɓa faɗin haka da ƙarfi a cikin mutane ba. Ya yi maka addu'a, ya sa aka juya motar ta fuskanci inuwata. Sannan ya gaya mini ya riga ya sayar da ita ga wani ɗan Sakkwato, nan da mako uku za ta ƙetare iyaka, kuma sabon mai ita launinsa zai sa mata.

Sau biyar motar ta kwana Ƙonni cikin makwannin nan, sau biyar na je. In na zana a kaye, sai in kai buro in ɗora a ordinatar. Wuyan gauraka ya ba ni wahala ƙwarai. Ɓeran ba ya son lanƙwasa, sai na ƙara girman hoton na bi shi ɗigo-ɗigo, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Rana guda aka ɗauke wuta ban adana ba, aikin kwana biyu ya tafi. Na zauna na yi kuka a gaban baƙin allo, kuma ba don aikin kaɗai ba.

A zuwana na ƙarshe na matsa kusa da ƙofar motar sosai, sai na ga wani abu. A ƙarƙashin shuɗin ruwan tafkin akwai alamar wata ƙafa ta uku. Ashe ka fara sa ƙafar inda ba daidai ba, ka rufe ta da ruwa, ka sake wata. Kai ma kana kuskure ashe? Ni da na ɗauka hannunka bai taɓa rawa ba. Ni in na ɓata, latsawa ɗaya ce. Kai sai ka jira fenti ya bushe cikin rana, mai mota na tsaye a kanka. Na sa wannan ƙafar a cikin nawa, dishi-dishi, yadda ka bar ta.

Motar ta tafi wata ranar Litinin. Ban je na gani ba.

Saura labarin Inna. Ka san kai ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa yaba aikinka a gaban kowa ba. Ko ranar da aka fita da kai, ba mu ga hawayenta ba. Na buga hoton a takarda na kai mata Tsarnawa. Injin bugawarmu ba ya fitar da launi, baƙi da fari ne kawai. Ban gaya mata daga inda na kwaikwayo shi ba. Ta riƙe shi nesa da ido, ta daɗe, sannan ta ce tukkun gaurakan ba haka yake ba, shi wancan gaba yake karkata shi kamar iska na bugowa daga baya. Na tambaye ta ina ta sani. Ta ce duk motar da ta bi gudron, kwaltar nan ta gaban garin, in tana tallar fura a bakin hanya, bayanta take kallo. Ta lissafa mini su, mai zaki, mai jirgin sama, mai doki fari. Wasu ni ban ma san ka yi su ba. Shekara nawa tana wannan kallo, Yaya, ba wanda ya lura?

Na gyara tukkun. Jiya Alhamis Habibu ya ɗauko ta a mota ya kawo ta buro lokacin hutu, don ta ce tana son ganin mai launin. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ƙi zama a kujera, ta tsaya a gaban allon da hannu a baya. Da lokacin komawa aiki ya yi na kai hannu zan kashe, sai ta riƙe mini wuyan hannu ta ce in bar Isuhu tukuna. Da sunanka ta faɗa. Malam Sule ya ja ƙofa ya fita, darakta ma bai shigo ba sai da muka gama.

Har yanzu ban iya ba. Giginyata ta karkace, ruwan tafkina kamar tabarma yake. Amma zan ci gaba, gobe ma akwai albasa a kan tebur.

Ka yafe mini, Yaya. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu da alheri. Sai mun zo.

Taka har kullum,
ƙanwarka Rakiya, mai koyo.