Mazari a kife cikin talabijin

Garba ɗana, aje abin da kake, ka saurara yanzu. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin matarka Hajaru? Mu nan Nasarawa Burkullu lahiya lau, sai tsoro.

Wasan ban dariyan nan na mutanen da, wanda munka so, an dawo da shi. Munka taru kallo ƙohwar mai gari. Sai ga mace tana kaɗi, mazari a kife, ko alli babu ga yatsunta. Yara na ta hwaɗin haka anka yi da can. Nic ce ƙarya ta, wagga ba ta taɓa riƙa auduga ba! Kowa yak kwashe da dariya. Ashe mai gari da kainai yak koya ma 'yan wasan al'adun.

Gobe da hantsi ana nemana hwada. Amma wallahi ban tuba. Da zaren hannuna anka saƙa zanen goyonka.

Ku sa ni addu'a, ka gaishe da yara. Amma hwara aika ma Yaya Kulu can Gummi, ta taho da mazarinta, in gwada ma mai gari yadda ake kaɗi.