Hancin da Na Toshe

Assalamu alaikum, Yaya Lawal.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da duk wanda Allah ya haɗa ka da shi. Ina gajiya, ina aiki, ina zaman baƙunta? Lambarka ta daina shiga tun bara, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya miƙa maka.

Na san ka ji rasuwar Baba. Abin da ba ka ji ba shi ne ya bar aiki ɗaya a maƙerarmu ta Ƙofar 'Yandaka. Ya gina shi da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya shanya a inuwa, sai ciwo ya kwantar da shi kafin ya zuba tagulla. Ba wanda ya ga abin da ke ciki. Inna kaɗai ya faɗa wa cewa nata ne. To yanzu Inna ma ta kwanta, ko kunu sai da lallashi, kuma kullum maganarta ɗaya ce: tana son ta riƙe abin nan a hannunta.

Ranar Talata na yi ƙarfin hali, ni da na bar maƙera na kama allin koyarwa tun da jimawa. Na hura wuta, na kifa shi, kakin ya narke ya tsiyaye cikin kasko. Ina ji ina gani, Yaya, zanen yatsun Baba ya zama ruwa. Na narka tsofaffin kawunan famfo da na sayo a Babbar Kasuwa, na ɗauki awartaki zan zuba, sai na kasa. Na ajiye. Da yumɓun ya huce na ga tsaga siririya kamar gashi a gefensa.

Ka fi ni sani. Yumɓun zai iya jure shiga wuta sau ɗaya nan gaba, na biyu kam babu. Kaki kuma ya riga ya tafi, in zubin ya ɓaci, shi ke nan. Wallahi tsoro nake ji.

Ka tuna yadda Baba ke tsayawa a kanmu in tagulla ta yi ruwa? "Mi kake sauri? Kaki sau guda shika mutuwa, zubi ma sau guda ne." Kai kuwa ko gezau, ka zuba tsaf kamar mai zuba wa baƙo shayi. Sai ya huce, ka ɗauki guduma ka fasa yumɓun, ni ina gefe ina cizon yatsa don hassada. E, hassada. Yau ba abin da zan ɓoye.

Gaurakan nan na tagulla da wani mai otal ya sa a yi masa, wanda ya fito da wuya babu kai, ba laifinka ba ne. Ni ne. Ranar da kuka tafi Juma'a na ga wani ɗan rami a saman yumɓun, na zaci ɓaraka ce, na ɗebo laka na liƙe shi, ina jin kaina gwani. Karambanin akuya, gai da kura! Ashe shi ne abin da Baba ke kira hanci, inda iska ke fita in tagulla ta shiga. Iska ta rasa hanya, tagulla ta tsaya a wuya.

Baba ya ɗaga gaurakan a gaban abokanka ya ce hannunka hannun dakan fura ne. Ka kalle shi, ka kalle ni, ka wanke hannunka a randa ka fita. Ina tsaye, lakar tana nan a ƙarƙashin farcena, na yi gum. Shekara tara ke nan rabonka da gida.

Baba ya tafi bai sani ba. Wannan ba ni da yadda zan gyara shi har abada.

Ba na roƙon ka yafe mini kafin ka zo. Ka zo da fushinka, Yaya, ka zage ni a ƙofar gida kowa ya ji, ka mare ni in ka so. Ni zan ja zugazugi, ba zan ce uffan ba. Ka zuba, ka fasa, ka ɗora wa Inna a tafin hannu. Don Allah, don Annabi, kada ka tsaya shawara, jikinta ba na jira ba ne.

Yau da safe na faɗa mata gaskiya. Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Sai dai ta ce in je in share maka ɗaki. Na share, na shimfiɗa tabarma.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ara wa Inna kwana. Allah ya sanyaya zuciyarka ko da na tsawon hanya ne, ya kawo ka tana gane mutane.

Ƙaninka mai laifi,
Kabiru