Ni Na Goge Gonakin, Ita Aka Dakatar

Assalamu alaikum Admin, da duk masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin wani ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗaliba ce mai karatun kwamfuta, ina horon aiki na wata shida a wani ƙaramin kamfani a Funtuwa, inda ake yi wa ƙungiyar manoma rajistar gonaki. Kafin damina ma'aikatanmu suka bi Maska, Dayi da Ƙarfi a kan babura, suna zagaye kowace gona a ƙafa da waya a hannu, suna ɗaukar iyakarta. Da wannan taswirar ake sanin irin da zai ishi kowane manomi. Ba a ofis muke ajiye bayanan ba, suna kan manyan kwamfutocin haya na intanet, kuma akwai manhaja ɗaya da muke kira cibiya, ita ke kula da komai. Halinta ɗaya ne: abin da aka rubuta mata a jeri sai ta samar da shi, abin da aka goge daga jerin sai ta rushe shi. Ba ta tambayar ko ka tabbata.

Wadda take koya min aiki zan kira ta Anti Rabi, ba sunanta ba ne. Ni ba mai magana ba ce, sati biyu na yi a ofishin ban buɗe baki ba sai gaisuwa, ita ce ta jawo kujerata kusa da tata, tana tsokanata wai Malama Shiru. Da yake ba a ba ɗalibai lambar sirri ta shiga cibiya, sai ta ba ni tata, ta ce kallo kaɗai ba ya koya wa mutum aiki.

A lokacin cibiyar tana amfani da wani ƙaton ƙunshin manhaja guda wanda ya haɗa duk hidimomin kamfanin da muke haya a wurinsa, har da waɗanda ba mu taɓa buƙata ba, sai nauyi yake sa mata. Aka yanke a koma ƙananan ƙunshi, kowanne da aikinsa: na rumbun ajiya, na tura saƙo, na rajista. Ranar wata Talata Anti za ta kai ɗiyarta rigakafi, ta rubuta min matakai a takarda, ta ce in saka ƙananan ukun in tsaya nan, sauran sai ta dawo. Na saka, duka suka tashi lafiya. Ina dubawa sai na ga sunan rumbun da muke ajiye taswirar gonaki ya fito sau biyu a jerin, ɗaya a ƙarƙashin tsohon ƙunshi, ɗaya a ƙarƙashin sabon. Ni kuwa tun ina firamare ba na iya ganin abu a hargitse in ƙyale shi. Na ce bari in share mata, ta dawo ta tarar da wuri tsaf ta yaba min. Na goge tsohon layin. Ashe layukan biyu rumbu ɗaya suke nunawa, kuma akwai alamar da ake fara sakawa wadda ke gaya wa cibiya ta saki kaya ba tare da ta rushe su ba. Da yake ban saka ta ba, cibiya ta rushe rumbun da duk taswirar da ke ciki. Matakin da Anti ta ce in jira ta ke nan. Me ya kai hannuna? Wa ya aike ni?

Sai da safe aka gane, da wani ma'aikaci ya nemi taswirar gonar wani dattijon Dayi a kwamfuta ya ga fili fetal. Kwafin ajiyar da aka samu tsoho ne, tun kafin a fara zagayen bana. Manaja ya sa aka duba wanda ya yi gogewar, sunan Anti ya fito. Ina zaune ina jin yana faɗa, wai ita da ta fi kowa daɗewa ce za ta yi irin wannan ganganci, yanzu masara ta kai ƙirji wa zai sake zagaye gona sai bayan girbi? Anti ta dubi allon, ta dubi lokacin da aka yi gogewar, sannan ta dube ni sau ɗaya. Ta ce da lambarta aka yi, don haka ita ke da alhaki. Aka dakatar da ita har sai shugabannin ƙungiya sun zauna a kai. 

Na bi ta har bakin titi tana jiran keke napep. Kafin in haɗa kalma ta riga ni: "Ke dai ki gama horonki lafiya, Malama Shiru. Ki riƙa cin abinci, kin rame." Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Ranar Asabar na je gida Maska, gonar Babanmu ma tana cikin waɗanda suka ɓace. Muna cin tuwo yana ba da labari yana dariya, wai shekara arba'in yana noma gonar nan ko ɓarawon iyaka bai taɓa cin masa taku ɗaya ba, sai ga wata mata a Funtuwa ta ɗauke ta gaba ɗaya da yatsa. Ya juyo ya ce, "Uwata, ke dai ki kula, kar ki koyi aiki a hannun irin waɗannan." Na ce to, Baba. 

Ga abin da ya sa na rubuto yau. Makaranta ta ba mu littafin da muke rubuta aikin kowace rana, shafukansa da lamba, kuma manaja ne zai karanta ya sa hannu. Sauran ɗalibai sai ƙarshen wata suke cika nasu da ƙarya, ni kuwa kullum nake rubuta nawa kafin in tashi. A shafin ranar Talatar nan, da birona, da kwanan wata har da lokaci, na rubuta cewa na saka ƙananan ƙunshi uku kuma na goge tsohon layin rumbu da ya maimaitu. Har na ja masa layi a ƙasa don jin daɗi. Ranar Alhamis zan miƙa littafin, shugabanni kuma za su zauna ranar Litinin.

Na sayi abin goge biro, yana cikin jakata kwana huɗu ban buɗe ba. In na shafe layin, ba mai sani sai ni da Anti da Allah, kuma wataƙila ta rasa aikin da take riƙe gidanta da shi. In na miƙa yadda yake, za a iya mayar da ni makaranta da takardar kunya in maimaita shekara, Baba ya ji wace ce matar da yake yi wa dariya. Kuma ko na faɗa ban san ko zai cece ta ba, tunda ba da lambar sirri ma laifi ne a wurinsu, sai in ƙara mata wani a kan wanda ta ɗauka domina. Sau uku ina buga lambar wayar Anti ina kashewa kafin ta shiga.

Jama'a, jibi ne Alhamis, littafin yana gabana a buɗe a wannan shafin. Me zan yi?